Tarin da Ya Bi Ƴaƴan Fari

Shekarun baya, ban daɗe da gama makarantar aikin lafiya ba, aka tura ni wani ɗan ƙaramin gidan likita a wani ƙauye can bayan Cadawa. Ni ƴar Maraɗi ce, a birni aka haife ni, a birni na tashi. Ranar da na sauka da akwatina da takalmina mai tsini, matan garin suka leƙo ta saman danga suna ƙare mini kallo, har na ji wata na cewa, "Wagga ko sati ba ta yi." To, na yi shekara huɗu a garin. Takalmin ne dai bai kai satin ba.

Mu biyu ne a wurin, ni da majo, wato shugaban gidan likitan, wani dattijo mai sanyin hali wanda ko akuya ta shigo ɗakin allura lallashinta yake yi ta fita. Shi ke da moto, wato babur, ni ke da baki. Haka muka raba aikin.

A daminata ta biyu wani tari ya ɓulla a Maraɗi. Mura ce mai zafin jiki, ta kwantar da babba kwana biyu ko uku ya miƙe, amma in ta sauka ƙirjin yaro ko tsoho sai abin da Allah ya yi. Mahaifiyata ta kira ni ta ce a unguwarmu ba gidan da ba a tari. Ba a jima ba umarni ya zo daga buro, wato ofishin lafiya na birni: kowane gidan likita na karkara ya sa ido. Duk yaron da aka gani da zazzaɓi da tari a ƙirga shi. Wanda numfashinsa ke sauri a goga ƴar auduga a maƙogwaronsa, a sa a kwalba, a aika labo, ɗakin gwaje-gwaje, cikin akwatin sanyi. Kowace Litinin kuma a kira a faɗi abin da aka gani, ko da ba a ga komai ba. Ta haka ne na birni za su san inda tarin ya kai, wace kasuwa ya bi, wane gari ya sauka.

Da yake majo namiji ne ba ya shiga gidajen mutane, yawon gida-gida ya faɗo kaina. In sa farar rigata, in ɗaure hanci da baki da takunkumi, in yi sallama, in ce uwar yara ta fito mini da yaranta. Haka aka ce a yi, a tambayi uwa.

Ko'ina na shiga, lahiya lau. A jera mini yara, in taɓa goshi, in saurari ƙirji, ba komai sai ɗan majina na damina. Garuruwan da ke kewaye da mu kowa na kiran buro da labarin marasa lafiya, mu kuwa shiru. Har mutumin da ke ɗaukar kiran ya fara yi mini tsiya. "Madam, ku can garin naku ba a numfashi ne?" Na yi dariya, na ce mu tsafta ce ta yi mana yawa. A raina har wani ɗan alfahari nake ji, kamar ni na tsare garin da hannuna.

Abu biyu ne suka fara hana ni sakewa.

Na farko, hanyar da nake bi daga ɗakina zuwa aiki ta gefen maƙabarta take. Wata safiya na ga sabon tudun ƙasa, ɗan gajere, an ɗora masa ƙaya. Bayan ƴan kwanaki na ga wani kusa da shi. Sannan wani. Duka gajeru ne, ba wanda ya kai tsawon tabarmar salla. Ba a kawo mana yaro ko ɗaya ba, ban ji kuka daga kowane gida ba, ban ga zaman makoki ba. Na tambayi maigari, ya dubi ƙasa ya ce, "Kwana ne ya ƙare, Madam." Na ce yaran wa? Ya ce na gari ne. Daga nan ya shiga tambayata ko an kawo sabon gidan sauro.

Na biyu, tarin. Ina jin sa. In ina tafe a lungu da rana tsaka, maza duk suna gona, garin ya yi tsit, sai in ji shi can cikin wani gida, daga ɗakunan baya, ƙaramin tari busasshe. Ina yin sallama sai ya ɗauke ɗif, kamar an rufe tukunya. In na ce wa ke tari, matar gida ta ce tsohuwa ce ta shaƙi hayaƙi. In fita, in yi nisa kaɗan, in sake jin sa a bayana.

Mai ƙosan da nake saye wurinta ce ta ƙarasa ni. Tana juya ƙosai ba ta ko dube ni ba ta ce, "Madam, abin nan da ya shigo gari ba na likita ba ne. Ɗiyan hwari shika bi. Duk waɗanda anka kai bayan gari, ɗiyan hwari ne." Na ce mata camfi ne, ciwo bai san na fari da na ƙarshe ba. Na faɗa da muryar wadda ta yi lakol, ta sha boko. Sai dai ni kaina ƴar fari ce a gidanmu. Daga ranar na canja hanya, na riƙa zagayawa ta bakin rijiya, bakina ɗauke da duk addu'ar da na haddace tun ina makarantar allo. Ni da takardar shaidata da farar rigata, wallahi tsoro nake ji, ba kaɗan ba.

A cikin kwanakin ne wata mata ta fara zuwa. Yarinya ce, ba ta kai ni shekaru ba, siririya, da goyon ɗa namiji. Ta zo da hantsi ta kwance shi ta miƙo mini. "Madam, a duba min shi." Na duba. Yaro ɓul-ɓul, yana ta ƙoƙarin cinye igiyar abin sauraren ƙirjina. Na ce lafiyarsa ƙalau. Ta mayar da shi baya, ta ɗaure, amma ba ta tafi ba. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallona. Na ce akwai wani abu? Ta ce babu. Ta daɗe a tsaye kafin ta juya.

Washegari ta dawo. Yaron nan dai, maganar nan dai, tsayuwar nan dai. Rana ta gaba ma haka. Na fara ƙosawa. Na ce, "Baiwar Allah, wannan ɗan naki ya fi ni lafiya. In so kike ki ba ni shi, ki faɗa." Ko murmushi ba ta yi ba. Idanunta sun yi zuru-zuru kamar wadda ta daɗe ba ta runtsa ba, leɓɓanta na motsi, maganar ta ƙi fita. Na gaya wa majo, ya ce wataƙila iska ce ta taɓa ta, in bi ta a hankali.

Zuwanta na ƙarshe da azahar ne, majo ya tafi masallaci. Wannan karon ba ta kwance goyon ba. Ta tsaya a ƙofa ta dube ni, ta yi taku kaɗan, ta tsaya, ta waiwayo. Na koma ga aikina. Da na ɗaga kai tana nan inda take, cikin rana, tana jirana. Ban san abin da ya sa ba, na ɗauki jakata na bi ta.

Na san gidan mijinta, na taɓa shiga yawon tambaya. Muka zo ƙofar gidan ta wuce. Muka fita gari, ta kama wata ƴar siririyar hanya ta cikin gonaki. Gero ya yi tsawo ya fi ƙarfin kaina, hagu da dama ba abin da nake gani sai kara. Ba iska, ba kukan tsuntsu, sai ƙarar silifanta a gabana. In na tsaya sai ta tsaya, ba tare da ta juyo ba. In na ɗaga ƙafa ta ci gaba. Na kira ta, "Ke, ina za mu?" Sai ta ƙara kutsawa cikin geron. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na sunkuya na leƙa ƙafafunta in ga ko kofato ne. Ƙafar mutum ce, da faso, silifa ɗaya ja ɗaya shuɗi. Ban taɓa murnar ganin faso irin ta ranar ba.

Muka ɓulla wani gidan gona, ɗakuna biyu na kara da rumbu. A ƙofar ɗaki ɗaya akwai ƙwaryar kunu a rufe da faifai, ba a taɓa ba, ƙudaje sun yanyame ta. Matar ta tsaya nesa da ƙofar, ta juya mata baya, ta fuskanci gero. Da wata ƴar murya, kamar da geron take magana, ta ce, "Akwai mutane ciki."

Na ɗaga asabari. Duhu da zafi da warin ciwo suka tare ni. Kafin idona ya saba na fara jin sautin, ba tari ba ne, wanda ke ciki ya wuce ƙarfin tari. Wani ɗan gurnani ne mai fita da kowane numfashi. Wata tsohuwa na kwance a tabarma, a kan ƙafafunta wata yarinya da ba ta wuce shekara uku ba. Tsohuwar na ganin farar riga da takunkumi ta yunƙura, da ɗan ƙarfin da ya rage mata ta ja zane ta lulluɓe yarinyar har kai, ta dafe.

"Ke ce mai yawon tambayar ɗiyan mutane?" in ji ta. "Babu kowa nan. Wuce."

Ashe tun da aka ce wani abu na bin gida-gida yana neman ƴaƴan fari, tsofaffin garin suka duba, ba su ga mai bin gida-gida da rufaffiyar fuska tana tambayar yara ba sai ni. Tarin da ke ɗaukewa in na yi sallama, tafin hannun kaka ne a bakin jika.

Na cire takunkumin, ko da yake an hana mu. Na durƙusa na ce, "Inna, dube ni da kyau. Mutum ce ni, ɗiyar mutane. Ni ma ta fari ce wurin uwata. Bari in ga jikarki." Ta daɗe tana kallon fuskata. Sannan hannunta ya saki.

Yarinyar kamar garwashi. Haƙarƙarinta na shiga ciki da kowane numfashi, hancinta na buɗewa yana rufewa, leɓɓanta sun yi toka-toka. Ban tsaya ƙirga komai ba, na san abin da nake gani. Wannan in ba a sa mata iskar oksijin ba, ba ta kai gobe.

Na fito na sami matar inda na bar ta. Na ce, "Yarinyar nan ɗiyar wa ce?"

"Ta tsohuwa ce."

"Na ce wa ya haife ta?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Ban sake tambaya ba. Na tuna ranar da na shiga gidanta na ce yaranta nawa, ta nuna goyonta ta ce shi ke nan. A wurinta ba ƙarya ta yi ba. Ƴar fari tun daga yaye an kai ta ɗakin uwar miji, ta zama ta kaka. Uwa ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta ƙirga ta cikin nata, balle ta je gaban baƙuwa ta buɗe baki ta ce ɗiyata ba lafiya. Na san kunyar ɗan fari, mahaifiyata har yau "ke" take ce mini. Amma mu a birni kunyar ta tsaya a suna. Ban taɓa kawo wa raina cewa a nan za ta iya hana uwa magana ɗiyarta na mutuwa ba. Mijinta ya tsallaka iyaka neman abinci tun da aka gama noma. Abin da ta iya shi ne ta ajiye kunu a ƙofa kowace safiya, ta saurari numfashin daga waje, sannan ta ɗauko lafiyayyen ɗanta ta zo ta tsaya mini a ƙofa ko Allah zai sa in gane.

Na hau kan wani suri na samu rezo, wato layin waya, da ƙyar, na kira majo. Kafin ya iso da moto, mutanen gonakin kusa sun ji motsi sun taru, maza da mata, sun yi cirko-cirko. Majo ya duba yarinyar, ya ce Maraɗi, yanzu. Sannan ya juya ga jama'a ya ce, "Wa za ya bi ta? Can sai da mai jinya, Madam dawowa za ta yi."

Ba wanda ya motsa. A al'ada kaka ce mai bin ta, ga kaka a kwance. In ba kaka ba gwaggo, aka ce gwaggon ma tana gida da zazzaɓi. Sauran kuwa kowa na tsoron abin da ke bin ƴaƴan fari. Uwar na can gefe, har yanzu bayanta ne a wajenmu, kuma ba wanda ya ko dubi inda take, don ba wanda ya sa ta a lissafi. Ni ina riƙe da yarinyar ina jin numfashinta na ƙara nisa. Haushi ya kama ni, na buɗe baki zan zazzaga musu abin da ba za su manta ba.

Sai na ji an dafa bayana. Matar ce. Ta kwance goyonta, ba ta tambaye ni ba ta ɗora mini shi a baya, ta ja zanen ta ɗaure mini tamau a ƙirji. Ta zagayo gabana ta miƙo hannu biyu. Na ba ta ɗiyarta. Wata tsohuwa a cikin taron ta ce, "A'a! Ke, ba ki da kunya?" Ko waiwayawa ba ta yi ba, ta haye moto.

Haka muka tafi, majo a gaba, yarinyar a ƙirjin uwarta, ni a can ƙarshe a kan ƙarfe da goyon da ban iya ba, yana ta ja mini ɗankwali. Hanyar yashi ce da ruwa kwance, sau biyu muna kusan zubewa kafin mu hau kwalta. Kaina na jingine da kafaɗarta, sai na riƙa jin tana faɗin wani abu a hankali, tana maimaitawa ba tsayawa. Na ɗauka salati take. Da muka rage gudu a wani gari saboda shanu sun tare hanya, na ji shi sosai. Sunan yarinyar ne. Shi kaɗai take ta kira a kunnenta, tun daga cikin gero har ƙofar babban gidan likita. Muna tsayawa ta yi shiru, ban kuma sake jin sa a bakinta ba har na bar garin.

Aka sa wa yarinyar oksijin. Na goga auduga a maƙogwaronta na miƙa labo, na kwance goyo na ba uwarsa, muka juyo ni da majo. Tsohuwar an kawo ta wurinmu a amalanke, muka yi iya yinmu, amma ciwon ya riga ya ci ƙarfinta. Ta rasu jikarta na can birni.

Da sakamako ya fito, murar nan ce ta Maraɗi, ba wani abu daban ba. Da muka bi sawu a hankali sai ga hanyarta a fili. Tsofaffin mata su ne masu zuwa gaisuwar mutuwa da suna da dubiya, har cikin birni, kuma kowace da jikanta a gefe. Su suka kwaso, su suka kwanta a ɗakunan baya da ƴan jikokinsu, ɗaki a rufe, tabarma ɗaya. Ni kuma ina tsakar gida ina tambayar uwaye. Daga ranar na daina cewa a fito mini da yara. Sai in tsaya a ƙofa fuskata a buɗe, in ce na zo gaida tsohuwa, sai na shiga na zauna sannan in ɗaura takunkumi. Abin da na tarar a ɗakunan nan cikin satin, har yau ba na son tunawa. Litinin ɗin da ta biyo baya, mutumin buro bai yi mini tsiya ba. Ya saurara, ya ce za a turo mota da magani, aka kuma turo.

Na yi aiki wurare da dama bayan nan, har na dawo birni inda ake tara rahoton garuruwa. Abokan aikina hankalinsu na tashi in suka ga gari ya kawo marasa lafiya da yawa. Ni kuwa garin da ya ce ba kowa, alhali maƙwabtansa na tari, shi ke hana ni cin abinci. Kuma har gobe in mace ta gaya mini yawan ƴaƴanta, sai na tambaye ta wa ke wurin kaka. Gajerun kaburburan nan na gefen hanya ban daina ganinsu ba, kuma ba na jin zan daina.

Yarinyar ta tashi. Da aka sallamo su babu kakar da za a mayar da ita wurinta, sai ta koma ɗakin uwarta. Matar kuwa ta sha baki. A rijiya, a wurin daka, a gidan biki, an daɗe ana nuna ta ana cewa ga wadda ta rungumi ɗiyar fari gaban maza ta hau moto. Har waƙa ƴanmata suka yi mata a dandali. Abin ya dame ni ƙwarai, don ina ganin da na gane da wuri da ba ta kai ga haka ba.

Ana gobe zan bar garin na je yi mata sallama. Na tarar tana tankaɗe, yarinyar na zaune bakin murhu ta sa kwano a gaba, ta yi dumu-dumu da miya har goshi. Na ce mata na ji abin da ake ta faɗa a kanta, ta yi haƙuri.

Ba ta dubi inda yarinyar take ba. Ta ci gaba da kaɗa rariyarta ta ce, "Su hwaɗi, Madam. Ga ta can tana cin tuwo."